Kifin Shaida

Litinin, da sassafe

Wani abu ya shigo mana ta babban bututu ranar Asabar. Baba Makanike ne ya tare ni da labarin tun a bakin get, ko jaka ban ajiye ba. Ya ce ruwan ya zo da wani shuɗi-shuɗi yana warin fenti, kafin a ɗauko kwalbar gwaji ya wuce ciki. Wasu sun ce kamfanin rini ne, wasu sun ce garejin manyan motoci. Yau kowa masani ne a gidan nan, har mai shara.

Na wuce tankin iska, don shi ne aikina. Duk ruwan bayan gida da na wanke-wanke na garin nan wurinmu yake zuwa. Muna hura masa iska, ƙananan halittun da ke cikin laka su cinye dattin, sannan mu sake shi ya tafi kogi. Ido ba ya ganinsu, amma su ne masu aikin, mu 'yan rakiya ne. 'Yan ƙwadago muke ce musu. In suna lafiya, lakar launin shayi da madara take yi, tana ƙamshin ƙasa bayan ruwan sama. Yau ta yi toka-toka, ga farin kumfa ya taru a gefe.

Na cika kwalba na ajiye a taga. Lakar ta kwanta da ƙyar, ruwan saman bai washe ba.

Litinin, da rana

Oga ya zagayo, muka taka tare zuwa kwami.

Can ƙarshen fili yake, inda ruwan da muka tace ke fita. Ɗan kwami ne na siminti, siririn bututu na ɗibo ruwan fitar yana zuba masa, kifi kuma na zaune a ciki. Dabarar tsofaffin ma'aikata ce: in kifin na lafiya, abin da muke aika wa kogi lafiya ne. Kifin shaida ake ce musu. Karfasa ne, Yayana ya kawo su a bokiti shekarar da na kama aiki. Ya ce tarwada ba ta iya shaida, ko a kwata ka jefa ta ƙiba za ta yi ta gode maka.

Babbar cikinsu ita ce Kwamishina. Maigadi ya raɗa mata, wai ba a ganinta sai lokacin cin abinci, kuma ta fi kowa tumbi. Sunan ya bi ta. Kowa a nan yana rage mata gefen burodinsa.

Oga ya leƙa, ya ce, "Ai ga ta nan tana zagayen duba aiki. In dai tana numfashi, ni ma zan yi numfashi."

Malamar ɗakin gwaji ta tafi hutun haihuwa, don haka ruwan gwajinmu hedikwata ake kai wa, su kuwa ba a yi musu gaggawa. Akwai tsohon tafkin ajiya da za a iya juya ruwa can in abu ya ɓaci, amma yana jikin gidajen mutane, wari zai dame su, kuma ba ya daɗewa yake cika. Oga ya ce ba zai tayar wa unguwa da hankali ba alhali kifi na wasa. Ban ga laifinsa ba.

Talata, da safe

Kumfa ya ƙaru. Na ƙara wa tanki iska.

Na shayar da furannin da ke gefen kwami da ruwan burtsatse. Tiyon dogo ne, yana kaiwa har bakin siminti.

Laraba, da yamma

Yaya ya kira. Shi ne ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, har yau kuma Auta yake ce min ko a gaban 'ya'yana. Yana can ƙasa, inda kogin nan ke shiga teku, yana kiwon kifi a keji cikin ruwa. Duk abin da muka saki a nan, ta ƙofarsa yake wucewa. Shi ya sa yake min tsiya, wai shi ne mutum na ƙarshe da ke karɓar saƙon garin nan, kuma ba wanda ya taɓa haɗo masa da gaisuwa.

Ya ce, "Auta, yaya ruwanku? Na ji ƙishin-ƙishin wai an zubo muku wani abu."

Na ce, "Kwamishina na gaishe ka."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "To shi ke nan. Jibi zan zuba 'ya'yan kifi a kejin farko, sauran sai mako mai zuwa."

Ban yi masa ƙarya ba. Tana nan lafiya ƙalau, da idona na gan ta.

Alhamis, da safe

Na shayar da furanni.

Juma'a, bayan an tashi aiki

Baban yara ya ce na zuba sukari sau biyu a shayinsa, na kuma tsaya ina kallon kofin kamar zai yi min magana. Na ce launin nake kallo. Ya ce shi dai ya san tun tuni da tanki aka ɗaura min aure, shi ɗan haya ne kawai. Na yi dariya, don ya cancanci a yi masa.

Yau Yaya ya zuba kejin farko. Matarsa ta turo hoto, yana tsaye a kwalekwale da hularsa ta kaba, baki har kunne.

Asabar, da hantsi

Ba ranar aikina ba ce, amma na leƙa. Na gaya wa baban yara na manta laima.

Lakar ta fara baƙi daga ƙasa. Na shayar da furanni na dawo.

Lahadi, da rana

Wanki, guga, kitson yara. Hankalina kwance yake. Na rubuta ne don in gani a rubuce.

Litinin, da safe

Ruwan da ke fita yana warin fitsari. Ba sosai ba, sai ka sunkuya, amma yana sukar hanci. Ma'anarsa 'yan ƙwadago sun ajiye aiki, ko ma sun mutu da yawa. Na gaya wa Oga. Muka sake takawa kwami, ya fito da burodi daga aljihun riga ya marmasa. Kwamishina ta taso a hankali, da isa da ƙasaita, ta karɓa ta koma.

Ya ce, "Kin gani? Tankin yana jin jiki, amma bai kai ga cutar da kogi ba. Mu jira sakamakon hedikwata."

Na ce to.

Abin da ban ce ba, ruwan kwamin ya fi na magudanar fita haske nesa ba kusa ba. Har ƙasan simintin ake gani. Ni dai na san iyakar abin da nake ƙarawa, ɗan kaɗan ne, na minti nawa. Bai isa ya wanke kwami haka ba.

Talata, da yamma

To, na rubuta ke nan jiya. Ruwan burtsatse nake ƙara wa kifin duk safiya, in na gama da furanni. Na ce a raina sassauci ne kawai, kafin tanki ya farfaɗo. Tausayi suke ba ni, Kwamishina musamman.

Ban shayar da komai ba yau. Furannin ma sun gaji da ni.

Laraba, da sassafe

Na riga kowa zuwa, ashe ban riga kowa ba. Maigadi na tsugune a bakin kwami, tiyo a hannu, bakin tiyon cikin ruwa. Da ya gan ni ya miƙe zumbur, ya juya tiyon kan furanni, ya jiƙa takalminsa.

Ya ce, "Hajiya, furannin nan akwai shan ruwa."

Na ce, "Akwai kam. Tun yaushe kake ba su?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce kullum da yamma in kowa ya tafi, yau ne ya ƙara da na safe saboda ya ga jiya ban ba su ba. Ashe yana ganina tun ranar farko, ya ɗauka rabon aiki muka yi, ni safe shi yamma.

Muka tsaya muna kallon juna. Sai a lokacin na lura ba na jin ƙarar zubar ruwa. Na zagaya bayan kwami na ɗaga murfin ƙarfe. Famfon siririn bututun a rufe yake ruf, an ɗaure hannunsa da waya, ɗauri mai kyau irin na wanda ya san aikinsa.

Baba Makanike bai musa ba. Yana goge hannu da tsumma ya ce, "Tun ranar da shuɗin nan ya zo na rufe. Me ta yi wa mutane da za ta sha wannan abin? Na ce in ya wuce sai in buɗe. Bai wuce ba."

Na ce, "Baba, kenan tun ranar ba su ɗanɗana ruwanmu ba?"

Ya ce, "Ai shi ya sa suke da rai, 'yata." Sai da maganar ta fita daga bakinsa ya ji ta. Ya nemi bulo ya zauna.

Mu uku, ba wanda ya shawarci wani. Kullum Oga na zuwa yana tambayar kifin da ke zaune cikin ruwan sha ko kogi na lafiya.

Laraba, da rana

Na kira Yaya, yana kan ruwa, matarsa ta ɗauka. Ta ce mai kawo 'ya'yan kifi ya iso da sauran a cikin durom, jibi za a zuba. Ta ce maƙwabtansu ma sun saya, don sun ce tun da ƙanwarsa a can take aiki kuma ya zuba, ai ba matsala. Tana faɗa tana jin daɗi, alfahari take da ni.

Da ya kira ni daga baya na ce, "Yaya, ka dakata da zubawar."

Ya ce, "Me ya faru?"

Na ce, "Ban sani ba tukuna."

Ya ce, "Auta, kifi ba ya zama a durom yana jiran ki sani. Zafi zai kashe su. Ko in zuba, ko in mayar wa mai su tun da wuri. Gobe ki ba ni magana ɗaya."

Bai tambayi Kwamishina ba. Ni ma ban kawo ta ba.

Laraba, da yamma

Mun shiga ofishin Oga mu uku, maigadi na baya yana murza hula. Baba ya yi bayani. Oga ya daɗe yana kallon fanka. Na yi zaton faɗa zai yi, da ma ya yi, da na fi samun sauƙi.

Ya ce, "Ni ma da na zo da burodi kullum, ban taɓa zagayawa na ɗaga murfin ba."

Nan take ya sa aka juya ruwan fita zuwa tsohon tafki. Amma abin da ya riga ya tafi kogi ya tafi, kuma ba wanda ya san ƙarfinsa. Ya ce hedikwata ba za su bari a yi sanarwa a rediyo ba sai da takardar gwaji ko abin da ya gani da idonsa, takarda kuwa har yanzu tana hanya. Siririn bututun yana ɗibar ruwa kafin ƙofar tafki, don haka amsar tana nan a bayan kwami: a buɗe famfon, a ga abin da zai sami kifin.

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar ƙananan su yi shaidar. A cire Kwamishina tukuna."

Oga ya ce a cire ta da safe.

Alhamis, da hantsi

Ba mu da koma, sai bokiti da tsohon labulen ofis. Baba ya naɗe wando ya shiga, maigadi ya kama gefen labule, ni da burodi ina kira kamar mai lallashin yaro. Kwamishina ta ƙi amsa kira. Da ta ga ƙafafun mutum a ofishinta sai ta shige ƙarƙashin matakalar siminti ta yi lamo. Sau ɗaya ta shiga labulen, ta yi wani tsalle ta watsa wa maigadi ruwa a fuska ta koma. Duk da abin da muke ciki sai da muka yi dariya.

Rana ta yi ta ɗagawa. Wayata ta yi ƙara a aljihu, na san ko wane ne, ban ɗauka ba. Ta sake yi.

Na ce, "Baba, fito."

Ya ce, "Saura kaɗan, 'yata."

Na ce, "Fito, Baba. Akwai mai jira."

Ya fito yana ɗigar ruwa. Ya miƙo min filaya, bai kalle ni ba. Ni na kwance wayar, ni na murɗa famfon. Ruwan ya fara zuba, da ɗan duhunsa da warinsa. Oga ya sa aka kawo masa kujera ya zauna a wurin.

Alhamis, da yamma

Ƙananan ne suka fara tasowa sama suna haɗiyar iska. Baba ya koma gareji, ya yi ta bugun wani ƙarfe da ba abin da ya same shi.

Kafin rana ta faɗi Kwamishina ta fito daga ƙarƙashin matakala da kanta, cikinta a sama. Ta ba da shaida.

Oga ya tashi ya kira hedikwata. Ni na kira Yaya.

Na ce, "Kada ka zuba. Ka gaya wa maƙwabta."

Ina jin ruwa na bugun jikin kwalekwale.

Ya ce, "Na kejin farko sun fara tasowa tun shekaranjiya. Na ɗauka abincin ne bai karɓe su ba. Har na je na yi wa mai abincin rashin mutunci." Ya ɗan tsaya, ya ce, "Ai ke kin ce tana gaishe ni."

Na ce, "Yaya..."

Ya ce, "Bari in je in tare mutane."

Juma'a, da safe

An yi sanarwa a rediyo. Maigadi ya haƙa rami a gefen furanni.

Asabar, da rana

Matar Yaya ta ce kejin farko ya tafi gaba ɗaya. Sauran an mayar wa mai su da rai, maƙwabta ma ba wanda ya kai ga zubawa. Ta ce yana nan, yana gyaran raga. Ba ta ba shi wayar ba, ni ma ban nema ba.

Na yi kuka a banɗaki, famfo a buɗe don yara. Ina cikin yi na tuna duk wannan ruwan wurinmu zai zo, na rufe.

Litinin, da hantsi

Tankoki sun fara kawo mana laka mai rai daga matatar wani gari, don a sake shuka 'yan ƙwadago. Haka ake yi, aron iri ake. Direban farko ya ce ya ɗauki kaya iri-iri a rayuwarsa, amma bai taɓa kawo laka aka tare shi da murna haka ba. Baba har addu'a ya yi mata.

Sakamakon hedikwata ya iso yau. Ya ce ruwan ba shi da kyau. Mun gode musu.

Laraba, da yamma

Mutanen unguwar tafki sun zo bakin get saboda wari. Oga ya fita da kansa ya ba su haƙuri, ya gaya musu gaskiya. Wata tsohuwa ta ce in dai don kogi ne za ta rufe taga, amma kada mu mai da shi ɗabi'a.

Yaya bai kira ba. Baban yara ya ce in bar shi, wanda ya riƙe ki tun kina rarrafe ba ya fushi da ke ya daɗe. Na ce ba fushinsa nake tsoro ba. Tsorona ya daina tambayata yaya ruwanmu.

Juma'a, da safe

Kumfa ya ragu. Tafki ya haura rabi.

Litinin, da safe

Lakar kwalba ta kwanta da wuri, ruwan saman ya washe. Na kai hanci: ƙasa bayan ruwan sama. Na kira Baba ya sunsuna, ya kira maigadi ya sunsuna. Duk wanda ya wuce ya gan mu muna miƙa wa juna kwalbar laka zai ce a kai mu asibiti.

Kwamin dai babu kowa a ciki. Ruwa na shiga yana fita.

Alhamis, da rana

Ina kan tanki maigadi ya ƙwala min kira, wai ina da baƙo. Yaya ne, da hular kaba, bokiti a hannu an rufe da buhu. Tun asuba ya hau mota. Ya rame. Na gaishe shi har ƙasa, ya amsa, ya tambayi yara da babansu, ya wuce ni zuwa kwami kamar a nan yake aiki.

Ya zagaya baya ya ɗaga murfin ƙarfen. Baba ya riga ya cire hannun famfon tun makon jiya, ya bar shi a buɗe, ko an so rufewa ba abin kamawa. Yaya ya duba, ya gyaɗa kai, ya mayar da murfin. Sannan ya karkata bokitin a hankali. Ƙananan karfasa ne, ba su fi yatsa ba.

Maigadi ya leƙa ya ce, "Kai, dubi wancan mai zafin naman, ai wannan sai a ce masa..."

Yaya ya ce, "Kada ka ce masa komai, malam."

Ya juyo gare ni. Ya ce, "Auta, na farkon kyauta na ba ki, kuskurena ke nan. Waɗannan ba naki ba ne. Nawa ne, aiki na kawo su su yi min."

Na ce, "Na ji, Yaya."

Ya zauna a kan bulon Baba har yamma yana kallonsu. Na kai masa shayi, ya sha. Da zai tafi ya tsaya a bakin get yana gyara hula, ya ce, "Laraba zan kira in ji yaya ruwanku."

Juma'a, da sassafe

Duk suna nan da rai. Oga ya ce gobe za a rufe tafki a mayar da ruwa kogi.

Na ari wuƙar Baba na yanke tiyon. Yanzu iyakarsa furanni.